Elvis Presley: Mawaƙin Da Aka Cika Zaure Don Sauraronsa Shekara 20 Bayan Mutuwarsa

A daren Asabar 16 ga watan Agusta na shekarar 1997, dubban mutane suka yi cincirindo a wani babban zauren wasanni da ake kira Mid-South Coliseum a birnin Memphis, cikin Jihar Tennessee ta ƙasar Amurka, domin sauraron wani mawaƙi wanda a wannan rana ya cika shekara 20 cif a cikin kabari. Kowa ya sayi tikitinsa yana sane da haka. Dabarar da aka yi ita ce, masana na'ura suka ɗauko fina-finan wasannin da ya yi yana da rai, suka cire sautin kayan kiɗan da ke ciki, suka bar muryarsa ita kaɗai, sa'an nan aka haska hotonsa a kan wani makeken allon majigi. A ƙarƙashin allon kuwa, ga makaɗansa na da, da 'yan amshinsa maza da mata, yawancinsu sun yi furfura, suna kaɗa masa suna amsa masa kamar yadda suka saba. Shi kaɗai ne bai tsufa ba a kan dandalin.

A cikin makaɗan akwai James Burton mai jita, da Glen Hardin mai piyano, da Jerry Scheff, da Ronnie Tutt mai ganguna, waɗanda suka yi shekaru suna bin sa gari gari. Tsohuwar matarsa Priscilla da 'yarsu Lisa Marie su ma sun fito gaban jama'a, har aka nuna wani fim inda aka haɗa muryar 'yar da ta mahaifinta a cikin waƙa guda, alhali kuwa tana da shekara tara ya mutu ya bar ta.

Wannan mawaƙi shi ne Elvis Aaron Presley, wanda Amurkawa suka yi wa laƙabi da sarkin kiɗan rok-an-rol. Ba wannan ne bikin farko da aka yi don girmama shi ba, domin a watan Oktoba na 1994 an yi wani a birnin na Memphis, inda manyan mawaƙa irin su Jerry Lee Lewis da Carl Perkins suka rera waƙoƙinsa. Amma na 1997 ya sha bamban, tun da yake shi da kansa aka dawo da shi, gwargwadon yadda na'ura za ta iya dawo da mamaci.

ASALINSA

An haifi Elvis ran 8 ga watan Janairu na 1935 a garin Tupelo na Jihar Mississippi, cikin wani ɗan gida na katako mai ɗaki biyu wanda mahaifinsa Vernon ya gina da hannunsa. Tagwaye aka haifa, amma ɗan'uwansa Jesse, wanda ya riga shi fitowa, bai zo da rai ba. Mahaifiyarsu Gladys ba ta sake haihuwa ba, saboda haka ta ɗauki son duniya ta ɗora wa wanda ya rayu, har ya zama ko makaranta ba ta yarda ya tafi shi kaɗai sai ta raka shi.

Talakawa ne futuk. A 1938 aka ɗaure Vernon a kurkuku saboda ya sauya adadin kuɗin da aka rubuta a kan wata takardar cek, ya yi wata takwas a tsare, gidan kuma ya suɓuce musu, uwa da ɗa suka koma raɓe wajen dangi. A majami'ar da iyayensa ke zuwa ya fara jin daɗin waƙa, irin majami'un nan ne da ake waƙar addini da tafi da rausaya, har mai wa'azi kan yi ta tsalle a gaban jama'a. Da ya cika shekara 11 aka saya masa jita, ko da yake shi keke ko bindiga ya so.

A nan ya kamata mai karatu ya tuna irin ƙasar da yaron ya tashi a cikinta. A jihohin kudancin Amurka na wancan zamani doka ce ta raba baƙar fata da farar fata: makaranta daban, wurin zama a mota daban, har famfon shan ruwa daban. Sai dai talauci bai san wannan doka ba. Iyalin Presley sun zauna a unguwannin da ke maƙwabtaka da na baƙaƙe, yaron kuwa ya buɗe kunne yana jin kiɗansu, watau kiɗan bulus na koke da begen zuciya, da waƙoƙin majami'unsu. Wannan kiɗa gado ne na jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, da yawa daga cikinsu daga yammacinta, kuma duk wanda ya saba da salon mawaƙi ya bayar 'yan amshi su karɓa ba zai ji shi baƙo ba.

A watan Nuwamba na 1948 suka ƙaura zuwa Memphis neman abinci, daga baya suka sami wuri a gidajen da hukuma ta gina wa masu ƙaramin ƙarfi. A makarantar sakandare ta Humes ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Yaro ne mai kunya, mai yawan ladabi, wanda ya tara gashi ya shafe shi da mai ya kuma bar saje, abin da ya sa 'yan ajinsu ke yi masa ba'a. Ko a darasin kiɗa matsakaicin maki ya samu. Amma da an tashi sai ya nufi titin Beale, cibiyar makaɗan baƙaƙe, yana leƙen kantunan tufafinsu masu walƙiya, ya kuma kasa kunne ga gidan rediyon WDIA, wanda baƙaƙe ke gabatar da shirye-shiryensa, ciki har da B.B. King tun bai yi suna ba. Bai taɓa koyon karanta rubutun kiɗa irin na Turawa ba har ya mutu. Da kunne ya koya, da kunne ya yi sana'arsa.

FAIFAN DALA HUƊU

Bayan ya gama makaranta a 1953, sai ya shiga wani ƙaramin ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Sun, ya biya kimanin dala huɗu aka naɗa masa waƙa biyu a faifai. Mai kamfanin, Sam Phillips, Bature ne da ya daɗe yana ɗaukar muryoyin mawaƙan baƙaƙe, ya kuma san cewa kiɗansu ya fi ƙarfin kasuwar da aka killace shi a ciki. Matar da ke kula masa da ofis, Marion Keisker, ita ce ta rubuta sunan yaron ta ajiye. Aka yi kusan shekara ba a neme shi ba, har ya kama aikin tuƙin mota a wani kamfanin aikin lantarki.

Ran 5 ga watan Yuli na 1954 Phillips ya haɗa shi da makaɗa biyu, Scotty Moore mai jita da Bill Black mai babban molon nan da ake kaɗawa a tsaye. Suka yi ta gwada waƙoƙi masu sanyi har dare ya yi nisa, ba abin da ya yi armashi. Ana cikin hutu, an kusa watsewa, sai Elvis ya ɗauki jitarsa ya shiga rera wata waƙar bulus da wasa, yana gaggauta ta yana tsalle, sauran biyun suka bi shi. Phillips ya leƙo daga ɗakin na'ura ya sa suka koma farko. Waƙar ita ce That's All Right, wadda wani baƙar fata mai suna Arthur Crudup ya yi tun 1946.

Bayan kwana uku wani mai gabatar da shiri a rediyo, Dewey Phillips, ya sa faifan, masu sauraro suka yi ta bugo waya, ya yi ta maimaita shi har ƙarshen shirin. Da aka kawo mawaƙin ɗakin watsa shiri, sai mai gabatarwa ya tambaye shi makarantar da ya yi. Tambayar ba ta banza ba ce. Jama'a da yawa sun zaci baƙar fata ne, kuma a Memphis ta wancan lokaci ambaton sunan makaranta ya isa ya faɗi launin fatar mutum.

Ba ko'ina aka karɓe shi ba. A watan Oktoba na shekarar ya yi wasa a babban dandalin kiɗan karkara na birnin Nashville, aka yi masa tafin ganin ido, ba a sake gayyatarsa ba. Wani shirin rediyo na birnin Shreveport a Jihar Louisiana ne ya rungume shi, a can kuma ya sami mai ganga D.J. Fontana. Suka yi ta zagaya ƙananan garuruwan kudu cikin mota guda, kayan kiɗa a ɗaure a bisa rufinta. Tun a lokacin aka lura cewa in ya hau dandali ƙafafunsa kan yi ta karkarwa, da farko don tsoro, 'yan mata kuwa su yi ta ihu. Da ya gane abin da ke sa su ihun, sai ya mai da shi salo.

KANAR PARKER

A cikin wannan yawo ne wani mutum mai suna Kanar Tom Parker ya ƙyalla ido ya gan shi. Parker ba kanar ɗin soja ba ne, gwamnan Louisiana ne ya ba shi laƙabin don girmamawa a 1948. Ba Parker ne sunansa na yanka ba, ba kuma haifaffen Amurka ba ne kamar yadda ya yi ta faɗa. A garin Breda na ƙasar Holan aka haife shi, sunansa Andreas van Kuijk, ya shiga Amurka ba bisa ƙa'ida ba yana saurayi, ya yi shekaru yana aiki da masu wasan nuna dabbobi da dabo a bukukuwan ƙauye. A can ya koyi yadda ake tara jama'a da yadda ake raba su da kuɗinsu. Wannan asiri nasa bai fito fili sosai ba sai bayan mutuwar Elvis.

Shi ne ya ƙulla cinikin da kamfanin RCA ya sayi yarjejeniyar Elvis a watan Nuwamba na 1955 a kan dala 40,000, kuɗin da ba a taɓa biya don mawaƙi irinsa ba a lokacin. Da yake bai cika shekara 21 ba, mahaifinsa ne ya sa hannu. A Janairun 1956 faifan Heartbreak Hotel ya fito, ya hau kan gaba a jerin faifan da suka fi ciniki, daga nan kuma sai abin ya zama kamar wutar daji.

Talabijin ce ta kai shi kowane gida, ita ce kuma ta jawo masa baƙin jini wajen manya. Bayan wani wasa da ya yi a watan Yuni na 1956 yana girgiza ƙugu, jaridu suka yi masa ca, limaman majami'u suka yi ta wa'azi a kansa, har wani alƙali a birnin Jacksonville ya kira shi ya gargaɗe shi da ya rage rawar. Ed Sullivan, wanda shirinsa na daren Lahadi ya fi kowanne farin jini, ya fara cewa ba zai sa shi ba, amma da ya ga abokan hamayyarsa na kwashe masa 'yan kallo sai ya biya dala 50,000 don fitowa uku. Ran 9 ga Satumba mutane wajen miliyan 60 suka kalli fitowar farko. A ta uku kuwa, a Janairun 1957, daga ƙugu zuwa sama kawai aka nuna shi.

Ba rawar kaɗai ce ta tayar wa wasu da hankali ba. Masu ra'ayin wariyar launin fata sun fito fili sun ce wannan kiɗa hanya ce ta cusa wa 'ya'yan Turawa ɗabi'un baƙaƙe. A wani ɓangare kuma hukumomin lafiya sun ga amfanin farin jininsa: ran 28 ga Oktoba 1956 aka yi masa allurar rigakafin shan-inna a gaban masu ɗaukar hoto a birnin Niyok, domin jawo hankalin matasan da ke gudun allurar.

WA YA CI RIBAR KIƊAN?

Akwai wata magana da ba a raba ta da sunan Elvis har yau, kuma bai kamata a tsallake ta ba. Ba shi ya ƙago rok-an-rol ba. Kafin a san shi akwai Fats Domino, a zamaninsa kuma akwai Chuck Berry da Little Richard, dukansu baƙaƙe, dukansu gwanaye. Waƙar Hound Dog da ta kawo masa dukiya, wata mawaƙiya baƙar fata, Big Mama Thornton, ce ta fara naɗar ta a 1952, ita kuwa ta sha faɗin cewa dala 500 kacal ta samu. Otis Blackwell, shi ma baƙar fata, shi ya tsara wasu daga cikin waƙoƙin Elvis da suka fi ciniki, amma sai da ya yarda aka rubuta sunan Elvis kusa da nasa aka raba ladan, bisa sharaɗin da su Parker suka kafa, alhali Elvis bai ƙara ko kalma ba. Arthur Crudup kuwa, wanda waƙarsa ce ta buɗe ƙofar duka, ya ƙare rayuwarsa yana aikin ƙodago a gonaki, ya mutu a 1974 yana bin kamfanoni bashin haƙƙinsa. Wani ya yi rawa ya sami kuɗi, wani ya yi ya sha kashi.

Adalci kuma ya sa a faɗi ɗaya gefen. Elvis bai taɓa ɓoye inda ya samo kiɗansa ba. Tun 1956 ya gaya wa 'yan jarida cewa baƙaƙe sun daɗe suna yin wannan kiɗa kafin shi, ya kuma ambaci Crudup da suna. A Disambar shekarar ya halarci bikin taimakon yara na gidan rediyon WDIA, taron da kusan duk baƙaƙe ne, abin da ba kowane Baturen kudu zai yi ba a lokacin. A 1969, a gaban 'yan jarida, ya nuna Fats Domino a matsayin wanda ya fi cancantar sarautar da ake ba shi. B.B. King da James Brown sun yi ta kare shi har ƙarshen rayuwarsu. Laifin da za a iya ɗora masa shi ne bai taɓa sa baki an biya waɗannan mutane ba, ga shi kuwa yana da bakin da za a ji. Amma mutumin da bai iya tsayawa ya ƙwaci haƙƙin kansa daga hannun manajansa ba, da wuya ya ƙwato na wani.

SOJA DA SILIMA

A Maris na 1957 ya sayi wani katafaren gida mai suna Graceland a bayan garin Memphis a kan dala 102,500, ya zuba iyayensa a ciki. Shekara guda bayan haka, ran 24 ga Maris 1958, aka ɗauke shi aikin soja na dole, aka aske gashin nan a gaban 'yan jarida. Yana cikin horo a Jihar Texas mahaifiyarsa ta kwanta ciwon hanta, ta mutu ran 14 ga Agusta tana da shekara 46. Waɗanda suka san shi sun haɗu a kan cewa bai sake komawa daidai ba bayan wannan rashi.

Aka tura shi Jamus ta Yamma, garin Friedberg, cikin rundunar tankokin yaƙi, ya yi aikinsa kamar kowane ƙaramin soja har ya kai muƙamin sajan. Abubuwa biyu ya dawo da su daga can. Na farko sabon shan ƙwayoyin hana barci, waɗanda sojoji ke sha lokacin atisaye. Na biyu sanin wata yarinya 'yar shekara 14, Priscilla Beaulieu, wadda mijin uwarta hafsan sojan sama ne na Amurka. Ita ya aura ran 1 ga Mayu 1967, suka haifi Lisa Marie a Fabrairun 1968.

Da aka sallame shi a Maris na 1960, Parker ya juya akalarsa zuwa silima. Fim 31 ya fito a ciki a rayuwarsa, yawancinsu a cikin waɗannan shekaru, kuma in ka ga ɗaya ka ga saura: saurayi mai tseren mota ko tuƙin jirgin ruwa, 'yan mata, ɗan dambe kaɗan, waƙa goma. Kuɗi sun shigo, mutunci ya zube. Daga 1961 ya daina wasa a gaban jama'a, har shekara bakwai. A cikin wannan tsakani samarin Ingila irin su Beatles, waɗanda da faifansa suka koyi sana'a, suka zo suka mamaye kasuwar. Sun kai masa ziyara gidansa na Los Angeles a Agustan 1965, ziyarar almajirai ga malamin da ya bar karantarwa.

DAWOWA

Shekarar 1968 ta zo wa Amurka da baƙin ciki. A watan Afrilu aka harbe Dokta Martin Luther King a Memphis, garin Elvis, a watan Yuni kuma aka harbe Sanata Robert Kennedy. A daidai lokacin ne gidan talabijin na NBC ke shirya masa wani shiri na musamman. Parker ya so a yi waƙoƙin Kirsimeti a tashi lafiya, amma mai tsara shirin, Steve Binder, ya ƙarfafa wa Elvis gwiwa, aka yi wani abu daban. Ya fito cikin baƙaƙen tufafin fata, ya zauna da tsofaffin abokansa Moore da Fontana suna kiɗa irin na farkon zamani, ya rufe da wata sabuwar waƙa ta fatan zaman lafiya da 'yan'uwantaka, wadda aka tsara bayan kisan gillar nan biyu. Aka nuna shirin ran 3 ga Disamba. Wannan na cikin 'yan lokutan da ya ƙi bin maganar Kanar, kuma shi ne aikin da aka fi yaba masa.

A farkon 1969 ya koma ɗaukar faifai a Memphis, inda ya yi In the Ghetto, waƙar da ke ba da labarin yaron da aka haifa cikin talaucin unguwannin birnin Chicago, da kuma Suspicious Minds, wadda ita ce ta ƙarshe da ta kai shi kan gaba a Amurka yana da rai. Ran 31 ga Yuli ya buɗe wasa a otal ɗin International na birnin Las Vegas, ya yi wasa 57 cikin mako huɗu. Ran 14 ga Janairu 1973 aka watsa wasansa daga Hawai ta tauraron ɗan Adam zuwa ƙasashen Asiya da Ostareliya, kuɗin ƙofa kuma, dala 75,000, aka ba asusun yaƙi da ciwon daji. Kyauta dai halinsa ce. Motoci ya yi ta rabawa, har ga mutanen da bai sani ba, kuma a shekarar ce ya ba Muhammad Ali wata alkyabbar shiga fagen dambe da aka yi wa ado da duwatsu masu ƙyalli. Wani abin lura kuma, lambobin Grammy uku da ya ci a gasa duk na waƙoƙin addini ne, ba ko ɗaya na rok-an-rol.

Amma a ƙarƙashin wannan ɗaukaka gini na zaizayewa. A Disambar 1970 ya je fadar shugaban ƙasa ba tare da an gayyace shi ba, ya nemi ganin Shugaba Nixon, ya roƙi a ba shi bajon hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, aka kuwa ba shi. A ganinsa shi ba ɗan ƙwaya ba ne, tun da likita ne ke rubuta masa abin da yake sha. Aurensa ya mutu a Oktoban 1973. A shekarar ce kuma Parker ya sayar wa RCA haƙƙin dukan tsofaffin faifansa a kan dala miliyan 5.4, ya ɗauki rabi, sauran kuma haraji ya cinye mafi yawansa. Manajoji na karɓar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Parker ya fara da 25, ya kai 50, kuma teburin caca na Las Vegas ne ke lashe abin da ya tara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gayyata ta yi ta zuwa daga Turai da Japan, da maƙudan kuɗi, Parker na kawo dalilai yana turewa. Masu tarihi da yawa na ganin tsoro yake kada ya fita Amurka a hana shi komowa, tun da ba shi da fasfo. Iyakar wasan da Elvis ya yi a wajen ƙasarsa shi ne a birane uku na Kanada a 1957.

Haka aka ci gaba da jan sa daga wannan gari zuwa wancan, jiki ya yi nauyi, hawan jini da ciwon hanji sun kama shi, wani lokaci ya manta baitin waƙa a kan dandali. Ƙwaya ce ke tashe shi, ƙwaya ce ke kwantar da shi. Bincike ya nuna daga baya cewa a wata takwas na farkon 1977 kaɗai likitansa, George Nichopoulos, ya rubuta ƙwayoyi fiye da 10,000 da sunansa. Kotu ta wanke likitan a 1981, amma a 1995 hukumar likitoci ta jihar ta ƙwace lasisinsa. Mutanen da ke kewaye da Elvis kuwa a hannunsa suke ci, kuma waɗanda suka yi ƙoƙarin faɗa masa gaskiya ba su daɗe a gidan ba.

Wasansa na ƙarshe shi ne na birnin Indianapolis ran 26 ga Yuni 1977. Ran Talata 16 ga Agusta, ranar da zai tashi zuwa wani sabon zagaye, budurwarsa ta same shi kwance a ƙasa a makewayin gidansa. Da ƙarfe uku da rabi na yamma likitoci suka tabbatar ya cika, yana da shekara 42. Aka ce zuciya ce ta tsaya, gwaji kuma ya nuna magunguna iri 14 a jikinsa, likitoci suka yi ta jayayya a kan wanne ne sanadi. Mutane wajen 80,000 suka jeru a bakin titi ranar jana'iza. Bayan an yi yunƙurin sace gawar, aka tone ta tare da ta mahaifiyarsa aka mai da su lambun Graceland a watan Oktoba.

BAYAN MUTUWA

Dukiyar da ya bari ba ta kai yadda ake zato ba, kuma Parker ya ci gaba da karɓar rabin abin da ke shigowa. Sai da wani alƙali a Memphis ya naɗa lauya don kare haƙƙin Lisa Marie, lauyan ya binciki takardu ya kai rahoto a 1981 cewa kason ya wuce hankali, sa'an nan aka shiga shari'a, aka sasanta a 1983, hannun Kanar ya fita daga dukiyar. Priscilla ce ta tsaya aka buɗe Graceland ga masu ziyara ran 7 ga Yuni 1982 don gidan ya riƙe kansa, ya kuwa zama ɗaya daga cikin gidajen da aka fi ziyarta a Amurka. Duk shekara a daren 15 ga Agusta masoyansa kan jeru da kyandir a hannu su wuce ta gaban kabarin har gari ya waye. A nan aka binne Lisa Marie da ta mutu a Janairun 2023.

Kanar Parker bai ga bikin 1997 ba, domin ya mutu a Las Vegas a watan Janairu na shekarar. Da masu shirya bikin suka ga irin karɓuwar da ya samu, sai suka ɗauki allon majigin da makaɗan suka fara zagaya Amurka da su a 1998, a shekara ta gaba kuma suka ƙetare zuwa Turai, daga baya har Ostareliya da Japan. Yana da rai, abin da Birtaniya ta samu daga gare shi bai wuce ɗan tsayawar da jirginsu ya yi shan mai a filin Prestwick na Sikotlan ba, a Maris na 1960, yana kan hanyar komawa gida daga aikin soja. Mutanen birnin Landan sai a 1999 suka sayi tikitin wasansa, yana shekara ta 22 a ƙasa.